Telan da Ya Raina Dafa Bango

Tunda kai ma ka ce ƙafa na hana ka barci, bari in ba ka misalin wani tela. Mutumin nan tun hantsi har isha'i yana kan keken ɗinki, ruwa kuwa ba ya sha, wai kada fitsari ya riƙa tashinsa daga aiki. In ya kwanta, can tsakar dare sai jijiyar sharaɓarsa ta ɗaure tamau, ya kurma ihu, ya ƙanƙame ƙafar, abin ya ƙara murɗewa. Matarsa ce ke shan wahalar. Ita za ta tashi ta miƙar da ƙafar, ta tanƙwaro yatsun wajen ƙwauri, ta yi ta murzawa har jijiyar ta saki, sannan ta hura wuta ta gasa masa da ruwan ɗumi. Abin ya ishe ta. Ta ce, "Maigida, don girman Allah ka riƙa shan ruwa da rana. Kafin ka kwanta kuma ka dafa bango, ka ja ƙafa baya, diddige a ƙasa, har ka ji jijiyar ta miƙe. Kafin shayi ya tafasa ka gama." Ya ce shi da gemunsa ba zai tsaya yana tura bango kamar taɓaɓɓe ba. Ai ya san inda abin ya fito, telan da ke kallon shagonsa ne ya yi masa jifa. Ga magani a cikin ɗakinsa, amma da yake ba a ƙulle a leda aka ba shi ba, ya raina.

Ana nan bikin ƙanensa ya matso, shi kuwa ya riga ya bugi ƙirji a gaban dangi cewa babbar rigar ango ba mai taɓa ta sai shi. Daren da za a wayi gari a ɗaura aure, saura aikin wuya kawai, ƙafafun biyu suka ɗaure lokaci guda. Ya zabura zai tashi, ya faɗo daga gado, ya gurɗe a idon sawu. Gari ya waye ƙafa ta kumbura suntum, ko taka ƙasa ba ta yi, balle keke. Matar ta naɗe rigar, ta yafa mayafi, ta kai wa telan nan da ake zargi. Shi ya ƙarasa ta kafin azahar, har ya aiko a yi wa maƙwabcinsa sannu da jiki. A wurin ɗaurin aure jama'a suka yi ta yaba wuyan rigar, suna juyowa suna ce wa telan namu, "Kai, hannunka da albarka!" Yana zaune da ƙafa a ɗaure, yana shan yabo a kan aikin wanda ya zarga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.