Muryar Babbar Sista

Aku ta faɗo ɗakin tiyata tana ɗaura takunkumi, don nas ɗin da ke kan aikin an kira ta daga makarantar ɗanta, aka ce ta maye gurbinta. Ta tarar an riga an yi wa marar lafiyar allurar kashe ƙugu, an lulluɓe ta da koren ƙyalle, an tare fuskarta da labule. Hannu ɗaya kawai ake gani, ɗan yatsa yana ƙwanƙwasa katakon da aka ɗora shi a kai.

Ta fizgo ƙunshin kayan aiki daga kan kantar ajiya, ta buɗe, ta miƙa wa mai miƙa kaya, ta cilla marufin cikin kwando.

Ba a banza ake ce mata Aku ba. Tarin shugaban asibiti, hammar mai gadi, yadda mai shara ke gaisuwa kamar da faɗa, duk suna bakinta. Amma gwanintarta Babbar Sista ce, shugabar nas-nas na ɗakin tiyata: yadda take ɗaga takardar tantancewa kafin a taɓa wuƙa, ta dafe mara, ta ja numfashi a tsakiyar magana, ta ce ta hanci kowa ya tsaya, wane ne wannan, me za a yi masa.

Ranar da abin ya ɓaci, a ɗakin shan shayi ne. Aku ta dafe mara, ta ɗan ranƙwafa, ana ta dariya har wani ya ƙware. Sai dariyar ta ɗauke kamar wutar lantarki. Babbar Sista na tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta fita. Washegari ta ɗauki hutu, har yau shiru.

Tun daga nan takardar ta koma kan ƙusa tana shan ƙura. Duk wanda ya kai mata hannu sai a ce lale marhabin da Babbar Sista, ya janye cikin kunya. Aku ta sha rubuta saƙon ban haƙuri tana gogewa. Da ta ba mamarta labari, cewa ta yi ai tun tana goyo ta san bakin nan zai kori wani daga gidansa.

Yanzu sabon likitan, wanda ya zo bayan tafiyar Babbar Sista, ya miƙa hannu a ba shi wuƙa. Mai miƙa kaya ta kalli mai allurar barci, shi kuma ya kalli ƙusar. Yatsan marar lafiyar ya ƙara saurin ƙwanƙwasa.

Aku ta ciro takardar. Da muryarta ta fara, ƙasa-ƙasa, ta ce ko za a ɗan duba. Likita bai ko ɗago ba, ya ce akwai mutane a layi, ƙanwata, a bari sai an gama.

Sai ta ji hannunta ya tafi mara da kansa. Ta ja numfashi.

"Kowa ya tsaya."

Ta hanci ta fito, sak. Hannun likita ya tsaya a iska. Babu wanda ya yi dariya. Mai miƙa kaya ma zaro ido ta yi kamar za ta nutse. Aku ta ce a ranta, sun tuna abin da na yi ke nan, kuma sun yi daidai.

Ta karanta sunan marar lafiyar, irin wanda ya cika kowane layin asibiti. Mai allurar barci ya amsa da sauri, idonsa a kan na'ura. Aikin fa? Cire ƙari a mara. Jini yana kusa? Yana nan. An tabbatar kayan aiki sun dahu a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta?

A nan ta tuna. Ita ta buɗe ƙunshin, kuma ba ta duba ba. Ta sunkuya ta zaro marufin daga kwando. Tef ɗin da ke yin baƙaƙen zane idan kaya sun shiga tukunya fari ne fat. Ba wanda ya gani sai ita. Tana iya mayar da shi cikin kwandon.

Da muryarta ta gaskiya ta ce kayan ba su dahu ba, kuma ita ce ta buɗe ba ta duba ba.

Likita ya dubi tiren, ya dubi fatar da saura ƙiris ya yanka, ya ja da baya. Ya ce a kwashe komai, a sauya safar hannu, a kawo sabo.

Ana cikin sauyawa, Aku ta zagaya bayan labule don ta ba baiwar Allah haƙurin jinkiri. Yatsan ya daina ƙwanƙwasa. Fuskar ta rame, babu tabaraun da ta saba sawa, amma hancin yana nan yadda ta san shi.

"Muryar kin iya ta, 'yar nan," in ji Babbar Sista. "Abin da nake dafewa kuma, tsaya ki gani, yanzu za su ciro shi."