Sabis Ya Ɗauke

Tun kafin a buɗe ajin intanet ya kashe fankar ɗakin, duk da zafin da ake yi. Wanda zai yi kamar hotonsa ya daskare a allon kwamfuta, ai bai kamata a ga fanka na juyawa a bayansa ba.

'Yan aji sun raɗa masa suna Ƙanƙara. Ba daƙiƙi ba ne, tsoro ne kawai. Da Malama ta fara tambayoyi sai abin da ya kwana yana haddacewa ya bi iska. Sai ya ƙame, baki a buɗe, ido a kafe, daga baya ya rubuta da yatsa ɗaya cewa sabis ne ya ɗauke.

Malama kuwa kowa tana kiransa da sunansa, ban da shi. Sai dai ta ce mai farin tabarau. 'Yan aji suka ce ta tsane shi ne.

Yau ce jarrabawar baka, kuma ta riga ta faɗa: wanda bai amsa ba ya faɗi, sai maimaici. Shi ba maimaicin ne ya dame shi ba, a ji a gida ne, don ya cika baki cewa shi zai zo na ɗaya.

Zakara ya yi cara a tsakar gidansu. Wani ma ya yi ta wajen Malama. Ta gyara murya ta ce mai farin tabarau ya ɗauki tambaya ta uku.

Nan take gogan ya ƙame.

Zufa ta keto masa. Ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya zagaya son ransa, bawan Allah ko ƙiftawa bai yi ba. 'Yan aji suna ta turo fuskokin dariya. Malama ta maimaita tambayar. Can sai ta ce a yi mata uzuri, ta kashe kyamararta.

Ya saki numfashi, yana murna ya sha. Sai ga sallama a ƙofa. Labule ya ɗaga, Malama ta shigo da kwamfutarta a hammata, ta durƙusa cikin ladabi.

"Sabis ɗin gidan nan lafiyarsa ƙalau, ni na biya jiya. A daure a amsa tambayar, Baba."