Goron Inna Dije

Tunda hukuma ta raba wa tsofaffi na'urar jinya, aikin Lantana a gidan Inna Dije ya koma awa ɗaya kullum. Yau ta tarar na'urar na shafa wa tsohuwar man kaɗanya a ƙafa.

"Inna, kawo in ƙarasa."

"Bar ta, Lantana. Ita ba ta gaggawa."

Inna ta kwance bakin zaninta, ta ɓare goro. Lantana ta miƙa hannu biyu kamar yadda ta saba shekara da shekaru, sai tsohuwar ta ɗora ɓarin a tafin na'urar. Abar da ko haƙori ba ta da shi!

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

"Amin, Inna," na'urar ta amsa, da muryar Lantana sak.