Shamuwar Sabuwar Unguwa

Da birni ya cinye fadama, doka ta ce kowace sabuwar unguwa sai ta nuna bishiya ɗaya mai tsuntsaye. Malam Jatau ya ba da gonarsa ne saboda ƙanensa Barau, ma'aikacin kamfanin gine-gine, ya rantse masa shamuwa ba za ta daina sauka a tsamiyarsu ba.

Bana kuwa ta sauka da wuri. Jatau ya hango ta ta saman katanga, ya yi abin da ubansa ke yi in ta iso: ya shuka sauran irin geronsa a ɗan filin da ya rage masa. Kwana goma sha tara babu ko yayyafi. Irin ya mutu a ƙasa.

Ranar Talata ya shiga unguwar, ya tarar da Barau a inuwar tsamiya.

"Yaya, ga su nan, sha biyu cif. Ban cika alkawari ba?"

Jatau bai ɗaga kai ba. Gindin bishiyar yake kallo, tas kamar tsakar masallaci.

"Wa ke share kashinsu?"

"Ai waɗannan ba sa yi."

"To me suke ci? Kun cike tafkin, ba kwaɗo ba fara."

"Na inji ne, hasken rana ya ishe su. Masu duba doka za su zo, shi ya sa muka ɗora su da wuri."

"Ka san da su nake shuka, Barau."

Barau ya sosa ƙeya.

"Wallahi, Yaya, ban zaci akwai sauran mai kallonsu ba."