Wadan Itacen Marigayiya

Zauna tukuna ka sha ruwa. Kafin ka je ka yi wa ƙanen nan naka wankin babban bargo a kan kuskure ɗaya, bari in ba ka misalin wani manomi, in ya so sai ka tafi.

Mutumin yana zaune ne a wani ƙauye a gindin duwatsun Jos, inda sanyi ke da ɗan dama. Su biyu ne rak shi da matarsa, tsakar gidansu kuwa ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Wata shekara matar ta je biki cikin gari, ta dawo da ɗan dashe a gwangwani, irin itatuwan nan na ƙasashen sanyi masu ganye siri-siri kamar allura. Wannan kuma wada ne a danginsa, ko ya shekara ashirin ba ya wuce ƙugun mutum. Ta dasa shi a lungu kusa da randa. Kai, ta sha tsiya wurin maigidan! Itace ba inuwa, ba 'ya'ya, ba ganyen miya, ko akuya ta sansana sai ta kau da kai. Ita dai sai ta yi murmushi ta ce shi kaɗai ne ba ya juya mata baya da rani. Gaskiyarta kuwa, don lokacin da zogale ya koma tsinke, ciyawa ta ƙone ƙurmus, shi yana nan kore shar. Ba ta taɓa kai masa wuƙa ba. Da yatsu biyu take tsinke kan sabon toho, a hankali, kamar mai tsintar shinkafa. Shekara goma sha bakwai ana haka, sai ta kwanta ciwon kwana shida, Allah ya karɓi abarsa.

To, wanda ya fi kowa kushe itacen, shi ya koma mai ba shi ruwa. Kowace safiya sai ya tsuguna ya shafa ganyen, ƙamshin ƙaro ya kama tafinsa, ƙamshin nan dai da yakan ji a hannunta in ta miƙo masa kwanon fura. Kayan ɗakinta an raba wa dangi, muryarta ta fara ɓace masa, wannan ne kaɗai abinta da ya rage da rai a gidan. Da bazara ta yi zafi sai reshe ɗaya na ɓangaren rana ya ƙone, ya yi ja. Abin ya soke shi ƙwarai. Shekara goma sha bakwai a hannunta ba tabo, wata biyar a hannunsa ga abin kunya! Shi kuwa gwani ne na datsa. A gona in darbejiya ko zogale ya yi rauni, sara yake yi ba tausayi, da ruwan fari ya toho ninki biyu. Saboda haka ya wasa adda ya cire jan reshen. Sai rami ya bayyana, ana hango busassun tsinkaye daga ciki. Ya rage ɗaya gefen don su daidaita. Ya ja da baya ya duba, sai ya ga kan ya yi tsini, ya sauke shi. Nan ya karkace, can ya yi tudu, yana bi yana gyarawa. Kafin azahar ba sauran kore ko ɗaya, sai kututture da 'yan sanduna kamar tsohuwar tsintsiya. Ko a jikinsa, ai damina na tafe.

Damina ta zo. Zogale ya toho, darbejiya ta toho, har sandunan shinge suka yi ganye. Wadan itacen nan shiru, sai ƙaro ke tsattsafowa daga bakin kowace sara yana gangarowa. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya ƙara addu'a. Da aka kai tsakiyar damina ya shiga mota zuwa gari, wurin masu sayar da dashe a bakin hanya, ya kwashe labari ya faɗa wa wani dattijo a cikinsu. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ayya malam, ai irin wannan ba ya toho daga tsohon ice. Ransa a koren bakin reshe yake. Da ka ƙyale jan reshen nan, da cikin shekara guda 'yan uwansa sun rufe shi." Ya nuna masa wani ɗan dashen a gwangwani. Manomin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a bar shi. Wannan bai san hannunta ba, shi kuma ba shi da wata shekara goma sha bakwai ta jira. Ya koma gida. Bai tumɓuke kututturen ba har ya bar duniya, kuma an ce kullum in ya gama alwala, sauran ruwan butar a gindinsa yake juyewa, alhali ya san babu mai sha.

Ka ga, ba ƙiyayya ta kashe itacen nan ba, so ne da kaifin adda. Mutane ma haka suke. Akwai zogale, ka sare shi yau, gobe ya dawo yana yi maka dariya. Akwai kuma wanda in ka kai masa sara har ƙashi, shi ke nan, ba zai yi maka gardama ba, ba kuma zai sake toho a gabanka ba. Ƙanen nan naka na san shi tun yana goye, ba zogale ba ne. Shi kaɗai ya rage maka a ɗakinku. In za ka gyara, sa yatsu biyu, ka ajiye addar. Ba a banza Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.