Harshen da Jaririya Ta Kwance

Ta rufe akwatinta. Tun aurensu mijinta bai taɓa furta yana sonta ba. In'ina ke riƙe masa harshe, ita kuwa ta gaji da zaman kurame.

"Miƙo min ita, gidanmu zan tafi."

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Sai ya sunkuya kan jaririyarsu da ke ƙirjinsa. Da ita kaɗai ba ya in'ina.

"'Yar baba," ya ce, ba ko gargada, "gaya wa mamanki in ta fita, da raina za ta tafi."

Ta dube shi, ya kasa ɗago ido.

A hankali ta saki akwatin, ta matso.

"Ki ce wa babanki ya maimaita, ban ji sosai ba."