Ta Ukun a Gindin Darbejiya

Muna aji biyar na firamare a Karakkai, ana gab da tashi, malamin Turanci ya ce yau za mu koyi yadda ake cewa abu ya fi saura duka. Ko allo bai kalla ba. Taga ya nufa, ya nuna mata uku masu sayar da fura da nono a gindin darbejiya.

"Waccan, dirty," in ji shi. "Ta kusa da ita, dirtier. To ta ukun fa, mai faci a zane, wadda ta fi su dauɗa?"

Ta ukun Innata ce, kuma ya sani. Ni na zura mata zaren da ta yi facin nan.

Ya kira ni bakin taga, ya ɗora mini bulala a kafaɗa. "Nuna ta, ki faɗa da ƙarfi."

Na miƙa yatsa na ce, "Dirtiest." Sau uku ya sa na maimaita, 'yan aji suna amsawa suna dariya.

Inna ta ɗago, ta ga ɗiyarta tana nuna ta tana Turanci. Sai ta ɗaga mini ludayi tana murmushi, har da zungurar ta kusa da ita.

Da aka tashi, ta dama mini fura, ta ƙara nono. "Mi kinka ce a kaina?"

"Cewa na yi furarki ta fi ta kowa daɗi."

Ta ce Allah ya saka wa Malam da alheri. Na ce amin. Har yau amin ɗin nan bai wuce mini maƙogwaro ba.